Gicciyen kasuwa: duwatsun da suka riƙe amanar ciniki a garuruwan Birtaniya

 Yau Birtaniya muka nufa, amma ba fadar sarki ko filin ƙwallo za mu ba, kasuwa za mu shiga.

Duk wanda ya sauka a wani tsohon gari na Ingila ko Sikotland, in ya bi babbar hanya har inda hanyoyin garin suka haɗu, da wuya bai ci karo da wani gini na dutse tsaye a tsakiyar fili ba. Wani ginshiƙi ne kawai a bisa matakala uku ko huɗu. Wani kuwa rumfa ce ta dutse mai kusurwa takwas, a buɗe ta kowane gefe, da tsini a sama kamar ƙaramar hasumiya. Sunansa gicciyen kasuwa, ko da yake da yawansu babu sauran alamar gicciye a kansu yanzu. A yau matasa ne ke zama a gindinsa suna hira, baƙi na ɗaukar hoto. Shekaru 600 ko 700 da suka wuce kuwa, wannan dutse shi ne shaidar cewa garin yana da izinin cin kasuwa, kuma wanda ya ɗauko kayansa daga ƙauye ya zo nan, akwai dokar da ke tsaye a bayansa.

Daga wurin wa'azi zuwa wurin ciniki

Kafa gicciyen dutse a fili ya girmi kasuwannin kansu. Tun ƙarni na 8, lokacin da addinin Kirista ke bazuwa a tsibirin kuma ƙauyuka da dama ba su da coci, akan kafa dogon dutse a sassaƙa shi, jama'a su taru a gindinsa don addu'a da jin wa'azi. Wanda ya fi suna shi ne na ƙauyen Ruthwell a kudancin Sikotland, mai tsawon mita 5 da rabi, da hotunan labaran Linjila a jikinsa da baitoci cikin tsohon Ingilishi. A garin Sandbach da ke yankin Cheshire akwai wasu biyu na ƙarni na 9, tsaye a dandalin kasuwa har yau.

To, inda mutane ke taruwa, ai mai talla ba ya rasa zuwa. Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci sai ciniki ya kankama a harabar, wani lokaci har a tsakanin kaburbura. Shugabannin addini suka yi ta ƙorafi, aka riƙa mayar da kasuwannin Lahadi zuwa wasu ranaku, sannan a 1285 Sarki Edward na ɗaya ya kafa doka a Winchester wadda ta hana cin kasuwa a harabar coci. Kasuwa ta fita fili, gicciyen ya bi ta. Mai saye da mai sayarwa su ɗaga kai su gan shi, su tuna da wanda ke ganinsu.

Ba kowane gari ke da ikon cin kasuwa ba

Wannan shi ne abin da ya kamata a fara fahimta. A Ingila ta wancan zamani kasuwa mallakar sarauta ce. Mai gari, ko bishop, ko shugaban gidan ibada, sai ya nemi takardar izini daga sarki, galibi da kuɗi, a rubuta masa ranar da kasuwarsa za ta riƙa ci a mako. Shi kuma ya mayar da kuɗinsa ta hanyar harajin shiga da kaya, kuɗin rumfa, da tarar masu laifi. Babban kundin ƙidayar dukiyar ƙasa na 1086 ya ambaci kasuwanni kusan 50 ne kawai. Tsakanin 1200 da 1349 an kafa sababbi wajen 2,000. Daga nan annobar da ake kira Baƙar Mutuwa ta shigo a 1348, ta kashe kaso mai yawa na jama'a, kasuwanni da dama suka mutu tare da masu cin su. Shi ya sa har yanzu za ka ga ƙauye mai ƴan gidaje kaɗan da ƙaton gicciyen kasuwa a tsakiyarsa: kasuwar ta watse tun ƙarnoni, dutsen ya rage.

Akwai wata ƙa'ida da ta burge mu. Littafin shari'a na ƙarni na 13 da ake dangantawa da alƙali Henry Bracton ya nuna cewa sabuwar kasuwa tana cutar da tsohuwa idan tazararsu ba ta kai mil 6 da kashi biyu cikin uku ba, wato kusan kilomita 11. Lissafin kuwa mai sauƙi ne. Tafiyar yini a ƙafa mil 20 ce. A raba yinin uku, kashi ɗaya na zuwa, ɗaya na ciniki, ɗaya na komawa gida kafin duhu ya yi, saboda ƴan fashi. Duk wanda ya taɓa bin kasuwannin ƙauyukanmu masu ci mako-mako, a kan jaki ko amalanke, ya san wannan lissafi ba sai an koya masa ba.

Awo, shari'a da kunya

A gindin gicciyen ko kusa da shi ake ajiye ma'aunin gari. Yarjejeniyar Magna Carta ta 1215, wadda manyan ƙasa suka tilasta wa Sarki John ya amince da ita, ta tanadi cewa ma'aunin hatsi da na giya da faɗin yadi su zama iri ɗaya a duk masarautar. Rubutawa daban, aikatawa daban. An ɗauki ƙarnoni ana fama, kamar yadda tiyar wannan kasuwa ke bambanta da ta waccan. Amma aƙalla kowane gari yana da nasa ma'aunin da hukuma ta sani. A ƙauyen Fettercairn na Sikotland, a jikin ginshiƙin aka tsaga alamar tsawon ma'aunin yadi na ƙasar, kusan santimita 94. In kana shakkar awon mai yadi, ga dutse nan, sai ku je ku gwada a gaban kowa.

A garuruwa da yawa ba a fara ciniki sai an kaɗa ƙararrawa. Laifi ne babba mutum ya tare masu kawo kaya a hanya ya saye kafin su iso kasuwa, ko ya saye da safe ya sake sayarwa da tsada a kasuwar da yamma, ko ya tattare hatsi ya ɓoye har farashi ya tashi. Burodi ma yana da dokarsa tun ƙarni na 13: farashin ba ya canzawa, nauyin burodin ne ke hawa da sauka bisa tsadar alkama. A Landan, mai gidan burodin da aka kama da rage nauyi akan ɗaure shi bisa wani katako, doki ya ja shi cikin gari da burodin rataye a wuyansa.

Rigimar kasuwa kuwa a ranar ake yanke ta, domin fatake ba za su zauna jiran zaman kotu na wata mai zuwa ba. Akwai kotu ta musamman da ake kira kotun masu ƙura a ƙafa. Sunan daga faransanci ya fito, pieds poudreux, don faransanci ne harshen shari'a a Ingila bayan da Normandawa suka ci ƙasar a 1066. Wanda aka samu da laifi ya biya tara, ko a sa shi a turu a gefen gicciyen, mutane na wucewa suna jifansa da ruɓaɓɓen kaya. A ƙauyen Ripley na Yorkshire turun na nan a gindin gicciyen. A Sikotland ƙarfe ne ake maƙala wa mai laifi a wuya, da sarƙa ɗaure a jikin dutsen. Ciwon bai kai kunyar ba, tunda ranar kasuwa ce kuma kowa ya san kowa.

Wata doka kuma ta nuna irin ƙarfin da ake ba cinikin fili. Idan ka sayi abu a kasuwar da ke da izini, tsakanin fitowar rana da faɗuwarta, da zuciya ɗaya, to ya zama naka ko da daga baya aka gano na sata ne. Hujjar ita ce an yi cinikin a gaban idon jama'a, mai kaya yana da damar zuwa ya duba. Ɓarayin kayan tarihi sun ci moriyar wannan doka har zamaninmu, sai a farkon 1995 aka soke ta a Ingila.

Labarin da ya fi ratsa mu na garin Devizes ne, kuma a jikin gicciyen kasuwar aka rubuta shi. Ranar Alhamis 25 ga Janairu 1753, wata mata mai suna Ruth Pierce daga ƙauyen Potterne ta haɗa kuɗi da wasu mata uku don su sayi buhun alkama. Da aka ƙirga sai kuɗi bai cika ba. Aka tambaye ta, ta ce ta biya nata, ta yi rantsuwa cewa in ƙarya take ta faɗi matacciya. Ta maimaita, ta faɗi nan take, aka tarar da kuɗin a hannunta. Haka rubutun ya kawo labarin. Gicciyen da ke ɗauke da shi ba na tsakiyar zamani ba ne, a 1814 aka gina shi, amma hukumar garin ta zaɓi ta sa wannan labari a jikinsa don masu ciniki su riƙa karantawa. Har yau ranar Alhamis kasuwar Devizes ke ci.

Rumfar talaka

Ingila ƙasar ruwan sama ce, babu rani babu damina. Attajiri yana da shago, amma matar ƙauye mai ƙwai da man shanu a kwando a fili take zama. Daga ƙarni na 15 sai masu hali suka fara gina gicciye mai rufi a matsayin sadaka, suna neman lada.

Mafi kyau a cikinsu, a ganinmu, shi ne na Chichester a kudancin Ingila. Bishop Edward Story ne ya gina shi a 1501, daidai inda titunan Arewa, Kudu, Gabas da Yamma suka haɗu. Ya biya hukumar garin fam 10 kuɗin fili, da sharaɗin cewa talakawan da suka kawo kayansu nan ba za a karɓi haraji a hannunsu ba. Dutsen daga Caen ta ƙasar Faransa aka ɗauko shi ta teku. Kusurwa takwas ne, da ƙofofi takwas masu baka, da ginshiƙi a tsakiya wanda aka kewaye da dakalin zama; tsawonsa ya kai mita 15. An ƙara masa agogo a 1724. Shekaru 300 ana ciniki a ƙarƙashinsa, sai a 1808 aka buɗe sabon gidan kasuwa a titin Arewa. Daga nan wasu suka ce a rushe shi ya tare hanya; abin da ya cece shi, an rushe gidajen da ke gefensa ne aka faɗaɗa titin.

Na Malmesbury an gina shi wajen 1490, kuma John Leland, wanda ya zagaya ƙasar yana rubuta abin da ya gani a zamanin Sarki Henry na takwas, ya bayyana cewa don talakawan kasuwa su fake wa ruwa aka yi shi. Salisbury kuwa gicciye huɗu take da su a da, kowanne da kayansa: na kaji, na cuku, na yadi da ulu, da na dabbobi, kamar yadda muke da layin ƴan hatsi da kara ta dabbobi. Na kajin kaɗai ya rage, kuma ranakun Talata da Asabar har yanzu ana baje kaya kewaye da shi. A garuruwa da dama sunan kawai ya isa ya gaya maka abin da ake sayarwa: Gicciyen Man Shanu ya fi yawa.

Gicciye 12 na Sarauniya Eleanor

Waɗannan ba na kasuwa ba ne tun asali, amma ba a maganar sassaƙar dutse a Ingila a tsallake su, kuma magina da yawa daga baya su suka kwaikwaya. Eleanor ƴar sarautar Castile ce ta ƙasar Sifen. Ta auri Edward a 1254, suka yi shekaru 36 tare, har yaƙi ta bi shi zuwa Gabas ta Tsakiya. Ta rasu ranar 28 ga Nuwamba 1290 a ƙauyen Harby kusa da Lincoln. Aka ɗauko gawarta zuwa Westminster a Landan cikin sanyin Disamba, ana yada zango a hanya. Sarki Edward na ɗaya ya sa a gina dogon gicciye a kowane zango, da mutum-mutumin sarauniyar a jiki, don matafiya su riƙa yi mata addu'a. An yi aikin daga 1291 zuwa wajen 1295: Lincoln, Grantham, Stamford, Geddington, Hardingstone, Stony Stratford, Woburn, Dunstable, St Albans, Waltham, sai biyu a Landan, Cheapside da Charing.

Uku ne suka rage: Geddington, Hardingstone da Waltham. Na Geddington mai kusurwa uku ne, siriri, kuma shi ya fi zama yadda aka gina shi. Wanda matafiya ke gani a gaban tashar jirgin ƙasa ta Charing Cross a Landan sabo ne, na 1865. Ainihin wurin tsohon yana kudancin dandalin Trafalgar, inda mutum-mutumin Sarki Charles na ɗaya ke bisa doki, kuma daga wannan wuri ake auna nisan garuruwa zuwa Landan. Wato in allon hanya ya ce saura mil kaza ka isa Landan, zangon ƙarshe na gawar Eleanor yake nufi.

Yadda aka rushe da yawansu

Abu biyu ne suka ci su: rikicin addini da cunkoson hanya.

Bayan da Ingila ta ɓalle daga cocin Katolika a shekarun 1530, wasu masu tsananin ra'ayi cikin ƴan Furotesta, waɗanda ake kira Furitan, suka ɗauki gicciye da mutum-mutumin waliyyai a matsayin bautar gumaka. A Banbury an farfasa gicciyen garin a 1600. Na Ruthwell an kayar da shi a 1642 bisa umurnin majalisar cocin Sikotland. Gutsattsarinsa suka daɗe a yashe, sai a 1823 limamin cocin, Henry Duncan, ya harhaɗa su ya sake tsayar da shi. Da yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin sarki da majalisar dokoki, majalisar ta sa aka rushe na Cheapside a watan Mayu 1643, na Charing ya bi baya a 1647. A wasu garuruwan an yi dabara: a sare kan gicciyen kawai, a ɗora ƙwallon dutse ko agogon rana ko fitila a madadinsa. Kasuwa na bukatar alamarta ko da an sauya aƙida. Dalilin ke nan da za ka ji ana cewa gicciye, ka duba ka ga ginshiƙi da ƙwallo.

A ƙarni na 18 kuma kekunan doki suka yi yawa, hukumomin gari suka fara kallon waɗannan gine-gine a matsayin tarkace. Na Bristol an kafa shi a 1373 don tunawa da takardar ƴancin da Sarki Edward na uku ya ba garin. A 1733 aka sauke shi, bayan wani maƙerin azurfa da ke zaune kusa ya yi ƙorafin cewa in iska ta taso zai iya faɗo wa gidansa. A shekarun 1760 aka ba wani attajiri mai banki, Henry Hoare, ya kai shi lambunsa a Stourhead, yana can har yau yana ƙawata lambu. Na Coventry an rushe shi a 1771.

Mutanen Winchester ne suka ƙi. A 1770 hukumar gyaran tituna ta sayar da Gicciyen Man Shanu na garin ga wani mai dukiya, Thomas Dummer, shi ma don ya kai gidan gonarsa. Da ma'aikata suka zo da kayan aiki, jama'ar gari suka taso suka kore su, cinikin ya lalace. Dummer ya haƙura ya sa aka yi masa kwaikwayo da katako da farar ƙasa, wanda ruwa da iska suka cinye daga baya. Na gaskiyar yana nan a babban titin Winchester. An yi masa gyara a 1865. Yau doka ce ke kare irin waɗannan gine-gine, sai dai ba ta kare su daga direbobi: na ƙauyen Cheddar mota ta buge shi fiye da sau ɗaya.

Inda ake shela

Mu ma'aikatan rediyo, wannan ɓangaren ya fi taɓa mu. Kafin jarida, kafin akwatin rediyo, in hukuma na son magana ta isa kunnen ƙauyuka sai ta jira ranar kasuwa. Mai shela ya hau matakalar gicciye, kamar sanƙira a ƙofar fada, ya karanta sabuwar doka, ko labarin yaƙi, ko mutuwar sarki. Zuwa dare maganar ta shiga kowane ƙauye da ke cin wannan kasuwa. Har sanarwar aure an yi a nan: dokar 1653 ta yarda a yi shelar masu niyyar aure a kasuwa, ranakun kasuwa uku a jere, maimakon a coci. Masu tawaye ma sun san darajar wurin. A watan Yuni 1685 a gicciyen kasuwar Taunton aka yi shelar Duke na Monmouth a matsayin sarki. Wata guda bai cika ba aka sare masa kai a Landan.

A Sikotland ne al'adar ta fi kafuwa. Can gicciyen kasuwa shi ne alamar cewa gari ya samu matsayin birni mai ƴancin ciniki, kuma an san fiye da 100. Da yawa suna ɗauke da doki mai ƙaho ɗaya a samansu, dabbar tatsuniya da ke tambarin sarautar ƙasar. Na Aberdeen, wanda aka gina a 1686, an kewaye shi da fuskokin sarakunan gidan Stuart. Na Edinburgh ya ga abubuwa: a gindinsa aka rataye Montrose, jagoran yaƙin magoya bayan sarki, ranar 21 ga Mayu 1650, sannan bayan shekaru 11, da mulki ya juya, a nan ɗin dai aka sare kan babban abokin gabarsa, Argyll. An rushe ginin a 1756 don faɗaɗa hanya, sai a 1885 William Gladstone, wanda ya riƙe muƙamin firaminista har sau huɗu, ya biya kuɗin sake gina shi kusa da babban cocin St Giles.

An daɗe ana bin al'adar yin shela a Edinburgh kwana uku bayan an yi ta a Landan, gwargwadon lokacin da mahayin doki ke ɗauka ya ci tazarar fiye da kilomita 600. Sarauniya Elizabeth ta biyu ta rasu ranar 8 ga Satumba 2022, kuma cikin ƴan mintoci labarin ya shiga kowace wayar salula a duniya, har nan Maraɗi da Damagaram da Tawa. Duk da haka, ranar Lahadi 11 ga watan, babban mai shelar sarautar Sikotland ya hau gicciyen kasuwar Edinburgh cikin kayan sarauta, aka busa ƙaho, ya karanta wa jama'ar da suka cika titi cewa Charles na uku ya zama sarki.